Ƙafar Upile da Jiran Kawu

Namwera,
Ƙarshen damina.

Zuwa ga ƙanena Che Twaibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan garinmu da kuke haɗa ɗaki a birnin Joni, can ƙasar kudu. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masu tare mutane suna neman takardu, Ya sa albarka a cikin guminka, Ya dawo mana da kai muna raye kana raye. Idan ka tambaye mu, muna nan kalau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Damina ta yi mana kirki bana. Masara ta yi kai, waken ma ba laifi, sai dai rogon da ke can ƙasan gona ruwa ya kwanta masa, rabinsa ya ruɓe. Rufin ɗakin girki ya zubo mana a tsakiyar ruwan sama, mijina baban Upile ya hau ya gyara, ya sauko da ciwon baya, ka san hannun tela ba na ɗaukar katako ba ne. Inna Sigele, babbar dangin mahaifiyarmu, tana nan da ranta, gwiwoyi sun ƙi, ido ya yi rauni, amma bakin nan ko kaɗan bai tsufa ba. Na haɗu da matarka Asiyatu a kasuwa ranar da ta zo sayen busasshen kifi, ta yi kyau abinta, ta ce yaran suna lafiya, kuma ƙaramin ya fara kiran duk wanda ya ga da jakar tafiya da sunan baba.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali ga waya a hannunka ga waya a nawa. To wayar ce ta ishe ni. Kullum na kira ka, ko kana bakin aiki, ko mai shago yana hararar ka, ko kuɗin ya ƙare a daidai inda magana ta fara nauyi. Takarda kuwa ba ta yankewa, kuma ba za ka ce mata za ka kira anjima ba. Na ba Che Amidu mai ɗauko kayan mutane daga can, na ce ya sa maka ita a hannu, kada ya bar wa kowa. Akwai abin da aka yi a nan wanda na san zai kai kunnenka ta bakin wasu, a karkace, don haka gara ka ji shi daga bakina a miƙe. Maganar ƙafar 'yata Upile ce, kuma zan ɗauko maka ita tun daga tushe, don a waya guntu-guntu kawai ka riƙa ji.

Lokacin da ka tafi, yarinya ce da ba ta san tafiya ba sai gudu. Tana shekara goma sha biyu ta fara cewa bayan ƙafarta na hagu yana yi mata zafi in ta dawo daga wasan ƙwallo. Daga nan sai targaɗe, yau a kan kunyar gona, gobe a hanyar rijiya, ba a gama jinyar wani ba wani ya zo. Takalminta ya riƙa cinyewa ta gefen ciki kaɗai. In ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa sawunta yakan fito a shimfiɗe, babu wannan ɗan ramin na tsakiyar tafin ƙafa, diddigen kuma ya karkata waje. Inna ta ce ƙyuya ce, ciwon da ba ya tashi sai an ce a je ɗebo ruwa. Muka kai ta wurin maɗori, ya ja, ya murɗa, ya yi mata tsaga ya shafa baƙin magani, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ƙafa tana nan yadda take. A asibitin Mangochi suka ɗaure mata ƙafar da simintin ɗori na wasu makonni. Ta ji sauƙi, muka yi murna, aka cire, ciwo ya dawo kamar dama a bakin ƙofa ya tsaya. Su ne suka tura mu Blantyre.

A can muka samu wata likitar ƙashi, Dakta Kalua, 'yar siririya mai gilashi, mutuniyar arewa. Ta sa aka ɗauki hoton ƙafar a cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya, sannan ta ɗauko ƙashin ƙafa na roba ta zaunar da mu ta yi mana bayani, ba tare da gaggawa ba. Ta ce a ƙarƙashin idon sawu akwai ƙasusuwa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ya kamata su riƙa juyawa a kan juna. Su ne ke sa mutum in ya taka gangare ko kunya ƙafarsa ta bi ƙasa ta zauna daidai. Na Upile, tun tana ciki aka halicce su da wata 'yar gada a tsakaninsu. Tana ƙarama gadar guringuntsi ce, tana lanƙwasawa, shi ya sa ba mu ga komai ba. Da ta fara girma sai gadar ta zama ƙashi, ta riƙe su ƙam, kowane taku sai ya zama kokawa. Ta ce ba jifa ba ne, ba ta taka wani abu ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Na so a ce Inna tana wurin.

Sai ta faɗa mana hanyoyin da ake bi. Ta farko, a buɗe a yanke gadar a cire, a cusa ɗan kitse daga jikin yarinyar a gurbin don kada ƙashin ya sake haɗewa. Baban Upile ya dube ta sama da ƙasa ya tambaya ina za a samo kitse a jikin wannan, likita ta ce kada ya damu, za ta samu a inda take zama. Upile ta rufe fuska da gyale tana dariya, ita ce dariyar ƙarshe da na ji ta yi da dukan cikinta. Hanya ta biyu tana tafiya tare da ta farko: tun da diddigen ya riga ya karkace, za a yanka ƙashinsa a matso da shi ƙarƙashin ƙafa, a riƙe shi da ƙusa har ya warke a miƙe. Da waɗannan biyun, in Allah Ya yarda, ƙafar za ta ci gaba da juyawa, ko da ba kamar ta kowa ba. Ba ta ɓoye mana cewa wani lokaci ciwon yakan dawo ba. Ta uku kuwa, ta ce ba ta so mu kai gare ta. In aka bari gaɓar ta gogu ta cinye, ba sauran abin da za a ceta, sai a kankare ƙasusuwan a ɗaure su da ƙusoshi su zama ƙashi ɗaya. Ciwo zai tafi, mutum zai yi tafiya a kan hanya mai kyau, amma ƙafar ba za ta sake juyawa gefe ba har abada. Ta ce gaɓar Upile tana da kyau tukuna, amma ba ta san tsawon lokacin da za ta jira mu ba.

Daga nan aka kawo takardar yarda a sa hannu, a nan ne kuma ka shigo cikin maganar. Ka san yadda muke. Tun da Allah Ya karɓi ran Kawu Mdala, kai ne mai mu, ni da 'ya'yana. Ni na goya ka, ni na riƙa share maka majina, har yau ina da tabon cizonka a kafaɗa, amma kai ne namijin ɗakin mahaifiyarmu, ba a aurar da 'yata, ba a yi mata wani babban abu, sai da bakinka. Baban Upile kuwa shekara goma sha bakwai yana zaune a garinmu, a filin mahaifiyarmu ya gina ɗaki, bai taɓa manta cewa shigowa ya yi ba. Da aka miƙa masa alƙalami sai ya mayar da hannuwansa cikin aljihu. Likita ta dube mu ta ce, “Ga uwa, ga uba, wa kuma ake jira?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Likita, ni haihuwarta na yi, amma mai ita yana Joni.” Ta cire gilashi ta goge ido. Ta ce ba yau ta fara jin haka daga mutanenmu na bakin tafki ba, su can arewa uba ke yanke magana, amma ba za ta tilasta mana ba. Mu je mu nemi kawun, mu dawo da wuri.

A bakin ƙofar asibitin na kira ka. Ina tuna abin da ka ce, don na sha maimaita shi a raina. Ka ce, “Kada wanda ya sa wa 'yar yayata wuƙa ban gani da idona ba. Ina nan zuwa da ƙaramar Salla.” Ban ga laifinka a ranar ba, Twaibu, kuma ko yau ba na cewa mugunta ce. Na san abin da ke ranka. Mahaifiyarmu da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, aka fito da ita a lulluɓe, kana can ba ka nan, kuma har yau ba ka yafe wa kanka ba. Kana so wannan karon ka kasance a wurin. Na fahimta, shi ya sa na ce to, muka hau bas muka dawo gida.

Ƙaramar Salla ta zo ta wuce. Ka ce takardunka sun mutu, in ka ƙetare iyaka ba za a bar ka ka koma ba, a bari sai babbar Salla. Babbar Salla ta zo, muka yanka akuya, Upile ta sa aka ajiye maka cinya, ka ce mai shago ya tafi ganin danginsa ya bar maka makulli. Sai hutun ƙarshen shekara, sai wata ƙaramar Sallar. Ban ce ƙarya ka yi ko sau ɗaya ba, na san zaman can ba daɗi ne ya riƙe ka ba, kuma da guminka muke shan shayi da sukari. Ka aiko da bargo, ka aiko da waya, ka aiko wa Upile takalman wasa masu kyau waɗanda har yanzu suna cikin kwalinsu. Na roƙe ka ka ba da izini ta waya, ka ce wannan ba maganar waya ba ce, sai ka zauna da manya, ka ga likitar da kanka. Na je wurin Inna na durƙusa, ta ce kai ne mai gida, ka riga ka yi magana, ita ba za ta tsallake ta ba, kuma duk wanda ya tsallake, in wani abu ya faru, ya san da wa zai yi.

Abin da ba ka gani ba shi ne yadda kwanakin suka riƙa wucewa a nan. Da farko ƙwallo Upile ta bari. Sai ɗebo ruwa, wanda ko Inna ta daina cewa ƙyuya ce. Babanta ya riƙa ɗora ta a keke ya kai ta makaranta kafin ya je ya buɗe keken ɗinkinsa, ya rufe da rana ya je ya ɗauko ta, masu kawo ɗinki suka gaji da samun rumfa ba kowa suka koma wurin wani. In damina ta yi ƙarfi hanya ta zama taɓo, sai ta zauna a gida, har aka mayar da ita aji ɗaya baya. Da safe in ta tashi ba ta iya taka ƙasa sai ta dafa bango ta daɗe tana lallashin ƙafar. Ta daina kuka, ta daina ƙorafi, ta koma yarinya mai zama a dokin ƙofa tana tsince wake. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai. A cikin wannan jiran ne ɗanka Jafali ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karya hannu. Kawunsa, yayan Asiyatu, yana gari, a ranar ya saɓa shi zuwa asibiti aka gyara, ba wanda ya tsaya neman ka. Na yi murna da warkewarsa, Allah Ya sani, amma na dawo daga dubiya na shiga bayan ɗaki na yi kuka, don na ga bambancin yaron da kawunsa ke kusa da yarinyar da nata ke nesa.

Shekara biyu muka yi a haka. Da ciwon ya kai ba ta samun barci, baban Upile ya ce mu koma ko magani a ƙara mata. Dakta Kalua ta gane mu. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Aka sake ɗaukar hoto, na ƙafa biyu wannan karon, don ta lura da yadda yarinyar ke taka ta dama. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta juyo ta ce gaɓar hagu ta cinye, hanyar farko da ta biyu sun rufe, sai ta ukun nan da ba ta so. Ta ce ta dama ma tana da irin gadar, amma ƙarama ce, gaɓar kuma tana nan da kyanta, ita har yanzu ana iya ceton ta. Sai dai nauyin jiki duk a kanta ya koma, ba za ta daɗe a haka ba. Upile ta tambaya ko da an yi aikin a wancan zuwan da ta hagun ta tsira. Likita ta dube ni, ta dube ta, ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai. Yarinyar ta gyaɗa kai kawai, ta ci gaba da kallon ƙasa.

Ni dai har na fara laluben waya a jaka, don hannuna ya saba. Baban Upile ne ya dafa jakar. Mutumin da ka sani, wanda ko kaza ba ya yankawa a gidan nan sai ya tambaya, shi ne ya ce, “Maman Upile, bar wayar nan. Likita, ba ni alƙalamin. In korata za a yi daga garin, a kore ni, na dai gaji da ɗaukar 'yata kamar buhu.” Ya sa hannu, ni ma na sa nawa a ƙarƙashin nasa. Ina so ka san wannan da kyau, don na ji ana cewa shi kaɗai ya yi gaban kansa. Mu biyu ne, kuma da ya ja da baya da ni na karɓi alƙalamin.

Da safe aka shiga da ita. Muka zauna a rumfar masu jinya, inda kowa ke hura wutarsa yana tuƙa wa nasa mara lafiyar tuwo. Wata tsohuwa daga Zomba ta ga ko ruwa na kasa sha, ta tura mini kwanonta ta ce in ci, ba a jiran ɗakin tiyata da yunwa, in ba haka ba gado biyu za a nema. Ban ɓoye maka ba, mahaifiyarmu na riƙa gani duk lokacin da aka buɗe ƙofar nan. Amma Allah Ya rufa asiri, aka fito da Upile tana numfashi, da siminti har gwiwa, tana amai tana kiran babanta. Mun yi kwanaki a can, na kwana a ƙasa kusa da gadonta har haƙarƙarina suka san kowane tsagin daɓen. Muka dawo gida da sanduna biyu, ta yi watanni ba ta taka ƙasa da ƙafar ba. Babanta ya ɗinka wa sandunan matashi da ragowar atamfa don kada su ci mata hammata.

Yanzu an cire simintin. In ka ga ƙafar za ka ce ai ta fi da kyau, diddige ya miƙe, ciwon nan mai hana barci ya tafi, kuma a tsakar gida tana tafiya da sanda ɗaya. Na gode wa Allah, na gode wa likitar. Amma ran nan Upile ta ce in raka ta gonar gangare, ta daɗe ba ta gan ta ba. Ka san gonar, ta kakarmu ce, ta zama ta mahaifiyarmu, ta zama tawa, kuma ita ce za ta zama tata, don ba ni da wata 'ya mace. Muka tafi a hankali. Da muka bar hanya ta ɗora ƙafar a gefen kunya, sai ƙafar ta ƙi bin ƙasa, ta tsaya ƙiƙam kamar taɓarya, jikinta duka ya karkata, da ban riƙe ta ba da ta gangara. Ta sake gwadawa, ta sake. Daga baya ta gano in ta sa ta dama a gaba ta bar mata aikin, tana iya hawa kunya ɗaya-ɗaya. Ta zauna a kan dutse tana haki, ta daɗe tana shafa ƙafar dama da hannu. A nan na gane duk abin da ya rage mata na noma da hawa da sauka a ƙasar nan tamu ta tuddai, a kan wannan ƙafa ɗaya yake.

Ba a iya yi wa ƙafa biyu aiki lokaci ɗaya, sai an bar wa mutum wadda zai tsaya a kai. Likita ta ce da zarar ta hagu ta iya ɗaukar nauyi sosai mu kawo ta a cire gadar ta dama, ta ba mu lokaci bayan girbi, da shigowar sanyi. To a nan ne aka sake tsayawa. Da muka dawo daga Blantyre, Inna ta tara mutane a gindin mangwaro. Baban Upile ya cire hula ya zauna a ƙasa a gaban yara da manya, ya kawo kaza ya ba da haƙuri. Inna ta wanke shi tas, ta ce tela da aka ba wurin kwana ya fara yanka abin da ba yadinsa ba. Wasu suka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa don kada a ce ya ji haushi, ni kuwa na ji kamar in nutse. Aka karɓi kazar, aka ce maganar zamansa tana hannunka, sannan Inna ta yanke cewa wuƙa ta biyu ba za ta taɓa yarinyar ba sai Twaibu ya zo, ko ya aiko da baki ta hannun mutumin da aka sani. Ban taɓa mayar wa Inna magana ba tun da nake, ranar ma ban ɗaga murya ba. Na dai ce mata na ji, kuma ranar da likita ta sa, da asuba za ta ji fitarmu. Tun daga ranar ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Twaibu, na gaji. Na gaji da hanyar Blantyre, na gaji da bayani, na gaji da tsayawa tsakanin mijina da dangina kowa yana ja. Na gaji da jin haushinka, don ba abin da ya fi cin rai kamar jin haushin wanda kake so. Ba kuɗi nake nema ba, kuma ban ce ka ƙetare iyaka ka rasa aikinka ba, yaranka suna ci daga can, mu ma muna ci. Abu ɗaya nake roƙo. Che Amidu zai juyo kafin a gama girbi. Ka zaunar da shi ka ba shi baki, ka ce ka yarda a yi wa Upile aikin ƙafar dama, ka ce kuma surukinka bai yi laifin da za a taɓa zamansa ba. Inna ta san shi, za ta karɓa. In ka yi haka, za mu tafi da albarkar kowa, kai ma ka ci gaba da zama kawun da ake ji da shi. In kuma bakinka bai iso ba, zan faɗa maka tun yanzu don kada ka ce an ci fuskarka a ɓoye: za mu tafi duk da haka. Na fi so in tafi da yardarka, amma ba zan sake saukowa daga bas ɗin nan in ce wa yarinyar mu jira ba.

Ka gaishe mini da Che Kasimu da Che Ajibu, ka ce wa Ajibu mahaifiyarsa tana cewa ya kira ta ko sau ɗaya kafin kunnenta ya gama toshewa. Baban Upile yana gaishe ka da girmamawa, ya ce in faɗa maka bai yi don raini ba. Ɗana Sumani da ɗan autana Bakali suna gaishe ka. Inna ma na san da muna magana da ta ce in gaishe ka, don haka na gaishe ka a madadinta. Liman da mutanen masallaci suna sa ka a addu'a.

Upile tana zaune kusa da ni tun da na fara rubutun nan, ta miƙe ƙafar a kan kujera. Na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Sai ta ce, “Ki gaishe shi, Mama. Ki ce masa ba na fushi. Ta hagu na bar masa, ta jira shi har ta sandare. Ta dama kuwa tawa ce.” Na rubuta maka yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka da ta goya ka,
Lukia Abiti Sumani.